Ɗiyar Aro a Ƙofar Lakwal

Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. In ana maganar takarda, ko ta aji ɗaya ba ni da ita. Amma in jikokina suka baje tsakar gida suna haddar abin da aka ba su, wani ya karkace baki ya faɗi kalma ba daidai ba, ina daga bakin murhu sai in gyara mashi. Su yi ta dariya, wai tsohuwa mai faransanci. Ba su san inda na tsince shi ba. A bayan zana na tsince shi, ina zaune cikin rairayi ina ɓarar gujiya, ina jiran a tashi ƙanwata in goya ta mu koma gida.

Ita ke bi mani. Ta fara gudu ke nan, har tana bin kaji bayan ɗaki, wani zazzaɓi ya kwantar da ita. Da ya sake ta, ƙafafun ba su tashi tare da ita ba. Suka shanye, suka lanƙwashe kamar igiyar guga. Rarrafe ta koma yi. Wani maƙwabcinmu masassaƙi, mai yi ma masunta filafilin tuƙa jirgi, ya sassaƙa mata takalman hannu na icce don kada ƙaya da zafin ƙasa su cinye mata tafi. Tun daga lungu kake jin zuwanta, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Abin da ƙafa ta rasa kau, baki ya samu. Ba a taɓa gaya mata magana ta kwana da ita ba.

Babanmu mutumin cirani ne. Da an ɗaure gero sai ya tsallaka Najeriya, ba mu sake ganinshi sai hadari ya fara haɗuwa. Don haka gidan a hannun kakanmu yake, uban babanmu, dogon tsoho mai lambu a bakin tafkin Madarumfa. Kowa na shakkarshi, har Inna ba ta ɗaga ido gabanshi. Ƙanwata kaɗai ke taka shi yadda ta ga dama, don wasan jika da kaka ya ba ta hanya. Shi ya ce mata amarya, ita ta ce mashi maigida.

"Amarya, yau ma ba a kawo mani fura ba?"

"Maigidan da bai sai mani zane ba? Ka sha ruwan tafki."

Lokacin nan lakwal ba abin so ba ce. Yaran yanzu ba za su gane ba, su da ake bin dirakta, shugaban lakwal, har gida ana roƙon ya rubuta ɗa. Da, in girbi ya zo, mushe ne da kanshi ke fitowa, wato malamin lakwal, tare da dogarin mai gari, gida gida. Kowane gida mai yara sai ya ba da ɗaya. Ba a tambayar shekaru, don ba wanda ya san su. Sai a ce yaro ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnen ɗaya gefen. In ya kamo, ya isa. Mutane suna ganin ɗan da lakwal ta ɗauka ya fita daga gona, ya fita daga kiwo, ƙila ma ya fita daga salla. Shi ya sa ranar ɗauka garin ke zama kamar an share yara. Wasu a cikin rumbu, wasu a kwance cikin jirgi an rufa su da komar kamun kifi, wasu tun jiya an tura su Jibiya wajen dangi.

Akwai kuma wata dabara da ta fi ɓoyo kwanciyar hankali. Kowa ya san lakwal ba ta ɗaukar makaho, ba ta ɗaukar kurma, ba ta ɗaukar gurgu, ba ta ɗaukar mai farfaɗiya. Ba a ma tsayawa tunani. Mushe ya duba, ya kaɗa kai, ya ce Allah ya sawwaƙe, a wuce gida na gaba. To sai mai gida ya ɓoye lafiyayyun, ya fiddo wanda ya san ba za a karɓa ba, ya ce ga abin da Allah ya ba shi. Ya ba da, gwamnati ce ta ƙi. Gidan da ba su da irin wannan yaro kuma, sai su ara.

Ƙanwata ta sha aro. Tun ba ta kama kunne ba ake zuwa wajen Kaka a durƙusa. A yi mata wanka, a shafa mata mai, a ɗaura mata zanen ɗiyar gidan, a ɗauke ta ta bayan danga a kai. Dogari ya sani sarai, amma shi ma ɗan gari ne, sai ya ɗauke kai. Malaman kuma ba su daɗewa, bana wannan, baɗi wani. Ta yi ɗiya a gidan mahauci, ta yi ɗiya a gidan magini, ta yi a gidan masassaƙin nan. Wata shekara a rana guda gida biyu ta yi, sai da aka canza mata kallabi a tsakani. Ta dawo da ƙosai ƙunshe a ganye, tana ba ni labarin yadda mushe ya kaɗa kai, har tana kwaikwayonshi. Mu yi ta dariya muna cin ƙosan. Ban taɓa kawo ma raina ko abin yana yi mata ciwo ba, ita ma ba ta nuna ba.

Sai ga shekarar da layi ya zo kan gidanmu. Ni ake so. Ni kau a lokacin ni ce hannun Inna: daka, ɗebo ruwa, kai ma Kaka abinci lambu. Da sassafe Kaka ya ɗaga hular rumbu ya jefa ni ciki bisa sababbin dammunan gero, ya ce ko kunama ta harbe ni kada in yi tari. Ƙaiƙayi ya shiga mani ko'ina. Ba na ganin komai sai ɗan haske ta tsagar laka, amma kunne na nan, kuma Allah ya ba ni kunne.

Na ji sallamar dogari. Na ji wata baƙuwar murya, siririya, ta saurayi, tana gaida Kaka da Hausar Maraɗi. Na ji Kaka ya gyara murya irin wadda yake yi in zai saida albasa.

"Ga abin da Allah ya ba mu, mushe. Babbar tana Jibiya wajen gwaggonta."

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ta fito.

Ina jiran in ji Allah ya sawwaƙe. Sai na ji ƙarar takalmi cikin rairayi, alamar mutum ya durƙusa.

"Ƴan mata, ɗora hannu bisa kai ki kamo kunne."

"Tun bara na kamo."

Kaka ya yi wani dogon tari.

"Kina son lakwal?"

Duk aron da ta sha, ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya.

"Ina so. Amma ai ba ku ɗauka."

"Wa ya ce?"

"Duk wanda ya zo."

"To ni na ɗauka."

Kaka ya ce, "Mushe, ka dai duba da kyau. Ƙafafun fa."

"Na gani, Baba. Ba tsere za mu yi ba."

"To wa zai kai ta?"

"Wanda ke kai ta gidan suna."

Na ji dogari yana fama da dariya ta hanci. Ba dama Kaka ya ce ai don ka ƙi muka fiddo ta, ga dogari tsaye, ga mutane sun leƙo ta danga. Da suka tafi ya zo ya ɗaga hular rumbu, ya dube ni na yi fari fat da ƙaiƙayi, ya ce, "Fito. Ɓoyon banza muka yi."

Ɓoyon banza kau. Ranar da aka buɗe lakwal, wa zai goya ta in ba ni ba? Na ɗaure ta da majanyi kamar jaririya, takalmanta na reto a wuyana, muka bi ta ƙarƙashin gawo muka tafi. Mushe na tsaye bakin aji. Ya dube ni, ya danne murmushi.

"A'a, mutanen Jibiya. An dawo lafiya? Ya hanya?"

Na sunne kai. Ya tambaye ni ko ni ma zan shiga. Na ce Kaka ya ce in na taka ciki sai ya karya mani ƙafa, mu zama biyu. Sai ya nuna mani gefen gabas, ya ce, "Ki zauna ta can. Zanar wajen ta fi ɓulewa."

Ajin na kara da zana ne, ana yi bayan girbi, damina ta cinye shi, a sake. Ƙasa rairayi, ba matakala ba dakali, don haka da na aje ta bakin ƙofa ita ke shigar da kanta. Daga baya muka ji mushen nan ɗan gidan ƴan mishan ne na Maraɗi, masu zuwa majami'a ran Lahadi, kuma ubanshi kuturu ne da ya koyi karatu a asibiti yana riƙe alli tsakanin dungu biyu. Ƙila shi ya sa bai kaɗa kai ba. Shi dai bai taɓa faɗa mana ba.

Dokar aji ita ce in mushe ya shigo a ce debu, kowa ya miƙe, in an ce asi a zauna. Ranar farko kowa ya miƙe sai ita, yara suka fashe da dariya. Wani ya ce gurguwa ta raina mushe. Na ji ƙarar takalminta na icce a ƙwaurin mutum, na ji kuka. Mushe ya raba, sannan ya ce daga yau in an ce debu, ita ta ɗaga hannu biyu sama, tashinta ke nan. Haka aka yi har ta gama. In za a ɗaga tuta, a gaban layi ake aje ta. In an fita shan iska, ni ke ɗaukarta mu zaga bayan tudu, don ba makewayi. Sauran kuma, na allo da alli da lissafi, ba ta nemi taimakon kowa ba.

A gida Kaka ya yi ta ƙorafi wai ya ba da ɗaya an ɗauke mashi biyu. Don kada safiyata ta tafi a banza, sai ya sa Inna ta riƙa cika mani ƙwarya da gujiya in ɓare a can. To hannu na ɓara, kunne na cikin aji. Duk abin da mushe ya faɗa, yara suka maimaita, ni ma in maimaita a hankali. Ƙidaya, kwanakin mako, sunayen gaɓoɓin jiki, waƙoƙin da har yau ban san ma'anar rabinsu ba. Na san muryar kowane yaro, na san wanda bai yi hadda ba tun daga yadda ya ja numfashi. Abu ɗaya ne ban samu ba: ban ga fuskar baƙaƙen ba. Tablo, babban allon da mushe ke rubutu, yana jingine ne a gefen da nake, bayanshi nake gani. Shi ya sa har gobe in aka yi faransanci ina tsintar na tsinta, in aka rubuta kuma ni da akuya ɗaya.

Ina tuna hanyar komawa. Rana tsaka, ƙasa ta yi zafi, tana bayana tana maimaita darasi cikin kunnena, haɓarta a kafaɗata, tana warin alli da man gujiya. In iska ta taso daga tafki ta kawo ƙarnin kifi da ƙamshin albasar lambu. Wani lokaci mu tsaya ƙarƙashin tsamiya in sauke ta in miƙe baya, ta ce, "Yaya, jakina ya gaji?" In ce jakin zai yar da kaya yau. Ban taɓa jin daɗin wasu shekaru kamar waɗannan ba, kuma a lokacin ban san daɗi nake ji ba.

Tana aji uku abubuwa suka juya. Aka gina ma lakwal azuzuwan siminti da rufin kwano. Saboda ambaliyar da gulbi ke yi wasu shekaru, aka ɗaga ginin sama sosai, aka yi mashi matakala masu tsawo, kowace ta kai gwiwar yaro. Garin duk aka yi murna. A cikin wannan shekara kuma aka ɗauke mushenmu aka kai shi wani ƙauye wajen Gabi, aka kawo sabon dirakta.

Ba zan ce mugu ba ne. Mutum ne mai tsabta da son tsari, yana goge takalmi har ka ga fuskarka. Bai son ganina a gindin taga da ƙwaryar gujiya, bai son ganin yarinya na jan ciki a kan matakala yara na tsallake ta. Ita kuma ta yi nauyi, ni ban ƙara tsawo ba. Wata safiya ina hawa da ita, majanyi ya kwance, muka gangaro tare. Ni na fasa leɓe, ita ta kumbura a goshi. Ko kuka ba ta yi ba, sai cewa take, "Tashi, Yaya, tashi kafin ya fito." Ya riga ya fito.

Ya kira mu ofis, ya ba mu ruwa, ya yi magana a hankali. Ya ce lakwal ba a gina ta don irinta ba. Ya ce ya ji akwai ta makafi a Yamai, ta guragu kuma bai taɓa ji ba. Ya ce in ta karye a nan shi za a tambaya, kuma in aka zo jarrabawa akwai gudu da tsalle, mi za ta yi? Ya ce ta zauna gida ta huta, tausayinta yake ji. Ta amsa mashi da faransanci, wata doguwar magana da ban kama duka ba. Ya ce ta iya ƙwarai, amma maganar ba ta iyawa ba ce.

Kaka bai ɓoye jin daɗinshi ba, ya ce to, kowa ya dawo bakin aikinshi. Ana haka gwaggonmu ta Jibiya, ita dai wadda aka ce ina wajenta, ta zo ganin gida. Ta ce tunda abin ya zama haka, bayan girbi a ba ta yarinyar ta kai ta Katsina. Akwai guragu masu sarkinsu da tsarinsu, ran Juma'a su zauna ƙofar masallaci, ba wanda ke kwana da yunwa. A lokacin ba a ɗauki wannan abin kunya ba, hanya ce da aka sani, kusan ita kaɗai. Kaka ya ce za a duba. Inna na tuƙa tuwo, hayaƙi bai kai gare ta ba amma tana ta share ido.

Duk daminar nan ƙanwata ba ta yi wasa da kowa ba. Ta tura ɗan allonta ƙarƙashin tabarma. In Kaka ya ce amarya, ta juya mashi ƙeya. Gidan ya yi shiru har ba daɗi. Ni kuma in na ɗaura zane sai in ji bayana wayam.

Gero ya fara nuna, wata rana bayan la'asar, Kaka na zaure yana tufkar igiya, ni ina tankaɗe a bakin ƙofa. Sai na ji ƙwas, ƙwas, ta wuce ni ta shiga.

"Maigida."

"Amarya ta huce ke nan?"

"Ban huce ba. Tambaya na zo da ita. Ɗa nawa aka ce gidan nan ya ba lakwal?"

"Ɗaya."

"Wa ka ba da?"

"Ke mana."

"To an maido ni. Girbi ya kusa, dogari na nan tafe. Autanka kuma ya kamo kunne, ni na gwada shi jiya."

Autan nan ƙanenmu ne, shi kaɗai ne namiji a jikokin Kaka, shi yake ma tanadin lambu da shanun noma. Na ji tufka ta tsaya.

"Sai mu fiddo ki kamar da," in ji Kaka.

"Ni da aka rubuta aka kora? Kowa ya san fuskata yanzu. Kuma na daina fita aro, a gidan nan ko a gidan kowa. In aka fiddo ni, gaban mushe zan lissafa gidajen da na yi ɗiya a cikinsu. Har kallabin da aka ɗaura mani ina tune."

"Ke ja'ira ce."

"Haka ka gan ni ka aura."

Kaka bai yi dariya ba. Ya naɗe igiya ya saɓa malfa ya fita. Kafin magariba ya zaga gidan mahauci, da na magini, da na masassaƙi, da sauran. Ban san mi ya gaya masu ba, amma ranar da dirakta ya dawo daga hutu, dattawan nan duk sun sha riguna, sun sa mai gari gaba, sai lakwal. Ni ina biye da ita a baya.

Dirakta ya fito ya tsaya bisa matakala, su suna ƙasa. Bayan gaisuwa Kaka ya ce, "Gwamnati ta ce in ba da ɗa, na ba da. Ta duba da idonta, ta sa aka kamo kunne, ta karɓa. Yanzu kuma an ce in zo in ɗauki abina. To ina so ka gaya mani gaban mai gari: wagga ɗiya ce, ko ba ɗiya ba ce?"

"Ɗiya ce, Baba, sai dai..."

"Rabin ɗiya ce?"

"A'a."

"To ni da rabi na ɗauke ta. Da na fiddo ta, don a ƙi na fiddo. Wancan yaron, mushen farko, ya ce cikakka ce, kuma na zauna na gani, shi ke da gaskiya. Shekara uku yayarta na ɗauke da ita, rana da sanyi, ba ta taɓa cewa yau ba ta zuwa ba. Ku kuka koya mana cikakka ce. Ba ku ne za ku dawo ku ce mana rabi ba."

Na san muryar Kaka ta ciniki, na san ta faɗa, na san ta wasa. Wannan ban taɓa jin ta ba. Don auta ya fito daga gida, wannan ba shakka, amma da ya kai tsakiyar magana ya manta da auta. Na ji ƙanwata ta matse mani kafaɗa har da farce.

Dirakta ya sauko mataki ɗaya. Ya ce shi ba ƙinta yake ba, matakalan ne, ga su nan kowa na gani. Magini ya matso ya auna su da ido, ya ce, "Wannan ne? Mu da ke hawar da shanu daga gulbi da kaya a amalanke? Ai gangare za a yi." Dirakta ya ce ginin gwamnati ne, in mai duba lakwal ya zo ya tambaya fa? Mai gari ya ce, "Ka turo mani shi." Gudu da tsallen jarrabawa kuma, mahauci ya ce in lokacin ya zo a ba shi, shi zai yi mata. Mahaucin nan ƙato ne mai tumbi, har dirakta sai da ya yi dariya.

Kashegari aka ɗebo laka daga bakin tafki, aka kwaɓa da ƙaiƙayi, aka tayar da gangare a gefen matakala, mai faɗi, mai sauƙin hawa. Magini bai bari an shafe ba sai da ya sa ta hau ta sauka, ta ce nan ya yi tsaye da yawa, aka rage. Gidajen da suka are ta su suka yi aikin, kuma duk shekara in damina ta zaizaye shi su ke sake yaɓe, ba tare da an aika masu ba. Kaka ya kawo tsohuwar jakarshi, macen jakin da ke kai albasa kasuwa, ya ɗaura mata akumari, ya ce ta amarya ce, sadakin da bai biya ba. Ƴan ajinsu suka riƙa faɗa kan wanda zai ja ta. Gwaggo ta zo bayan girbi ta koma ita kaɗai.

Auta kuma, wanda aka yi duk wannan don a tsare shi, baɗi da ƙafarshi ya bi jakar yana kuka har cikin aji. Kaka ya ce a bar shi, ya gaji.

Ni ce dai jaka ta karɓe ma aiki. Tunda ga mai kai ta, ga gangare, ba ni da sauran dalilin zama gindin taga. Na koma daka da ɗebo ruwa, gujiya a tsakar gida nake ɓararta. Faransancina ya tsaya a aji uku, a nan yake har yau. Na yi murna, Allah ya sani, bayana ma ya huta. Amma da safe in na ji an buga ƙarfen lakwal, hannuna yakan tsaya da taɓarya.

Ta ci jarrabawa, ta tafi Maraɗi, ta zama madam mai koyarwa, har ta yi ritaya. Yanzu ita ake kira taro a tambaya yadda za a yi da yara irinta. Duniya ta canza. Rediyo na faɗi kullum cewa doka ta ce lakwal ta kowa ce. A unguwarmu akwai yarinya makauniya da ke karatu da yatsa kan takarda mai ƙuraje, a aji ɗaya da masu ido. Kurame ma an ce akwai malamai masu yi masu magana da hannu. Ba duka aka gyara ba. Ni da ba ni fita, ina jin gidajen da har yanzu ake barin wani yaro a ɗaki in sauran sun tafi. In ta zo nakan gaya mata, ita kuma ta je ta zauna masu a zaure har sai sun gaji da bakinta.

Bara da hutu ta zo a kan babur ɗinta mai ƙafa uku, ta ce in raka ta ta ga gangaren siminti da aka yi a tsohuwar lakwal, har da ƙarfen dafawa. Na ce ni da ko kasuwa sai an ja ni. Ta ce, "Hau baya, Yaya. Yau ni ce jakin." Da muka je ta dube shi sama da ƙasa, ta ce wanda ya yi wannan bai taɓa rarrafe ba, na maigidana ya fi. Duk da haka ta hau. Mai gadi ya buɗe mata ajin, ta shiga, ta waiwayo ta gan ni na tsaya gindin taga.

"Shigo mana. Mai karya ƙafar ya daɗe da rasuwa."

Na shiga. Na zauna kan benci, gwiwoyina na tokare tebur. Ga tablo a gabana, ta fuska, da sauran rubutun da ba a goge ba. Na tambaye ta mi aka rubuta. Ta karanta mani, ashe kwanakin mako ne. Na ce ashe haka suke, na daɗe da saninsu ban taɓa ganinsu ba.

Iska na shigowa daga wajen tafki. Sai na gyara murya irin ta mushenmu, siririya, na ce, "Debu."

Ta ɗaga hannu biyu sama.